Kifin Tekun Pasifik da Tsohuwar Adakar Sarkin Ruwa



Shekara 20 da ɗoriya ke nan muna riƙe da alƙalamin Sarkin Ruwa a wata unguwar masunta da ke bakin kogin Isa, kusa da Gaya. Aikinmu bai wuce rubuta wasiƙa, da ajiye abin da aka yanke a zaure, da tsare takardun da muka gada daga magatakardan da ya gabace mu ba, Allah Ya jiƙansa. Karatunmu na allo ne da na zaure, boko kuwa sai da girmanmu muka tsinci ɗan abin da ya samu. Ba mu taɓa ganin teku ba. Duk da haka, yau labarin wani Ba'amurke za mu ba ku, wanda ya shafe rayuwarsa ta aiki yana nazarin teku da iska da wani kifi da ba ya rayuwa a ruwanmu, domin labarin nasa ya shigo zaurenmu daidai lokacin da muke bukatarsa.

Ga yadda abin ya faru. Sa'ad da baƙin ruwa ya fara janyewa, dattawan masunta suka kawo wa Sarki kuka. Suka ce kifi ya yi ƙaranci, giwan ruwa da yauni sun kusa zama labari, kuma laifin samari ne masu jan taru mai ƙananan idanu, wasunsu har da gidan sauro, suna kwashe ƴaƴan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba. Samari suka ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ne ya sauya. Iyayenmu sun yi su a zamanin da fadama ke cika, mu kuwa abin da muka tarar ke nan." Kowane ɓangare ya tsaya a kan bakansa. Sarki ya juyo gare mu ya ce, "Malam, me takardu suka ce?" Muka sunkuyar da kai, domin takardun suna cikin wata tsohuwar adaka, gara ta ci gefensu, kuma a damanar da ta wuce har mun yi niyyar ƙone su don a sami wuri a ɗaki. Aka ɗage zama.

A cikin makon ne wani ɗan ƙanenmu da ke karatun ilimin yanayi a Yamai ya zo hutu. Da muka ba shi labari sai ya ce, "Baba, an yi irin wannan gardama a Amurka shekara da shekaru, kuma tsofaffin takardu irin waɗanda kake son ƙonawa ne suka haska ta." Dare uku muna zaune bayan sallar isha'i, yana karantowa daga wayarsa yana fassara mana, muna tambaya, muna rubutawa. Abin da muka fahimta shi ne za mu shimfiɗa muku.

Kifin da ake magana a kansa sunansa salmon. Ana ƙyanƙyasarsa a cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi a yammacin Amurka da Kanada, har zuwa Alaska. Idan ya ɗan tasa sai ya gangara zuwa tekun Pasifik, ya yi shekara ɗaya ko fiye, wani har huɗu ko biyar, yana ci yana girma. Sa'an nan ya juyo, ya shiga bakin kogin da ya fito, ya yi ta haurawa gaba da ruwa har ya iso ƙoramar da aka haife shi, ya zuba ƙwai, ya mutu a nan. Akwai waɗanda ke haura kilomita fiye da 1,400 daga teku zuwa duwatsun jihar Idaho. Ke nan rabin rayuwarsa a kogi take, inda mutane ke ganinsa, rabi kuma a teku, inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa idan ya yi ƙaranci, kowa yakan nemi mai laifi a bakin kogi, tun da nan ne ake iya nuna mutum da yatsa.

Masanin kuwa sunansa Nathan Mantua. Ya tashi a Bodega Bay, wani ƙaramin garin masunta a gaɓar jihar Kalifoniya. Yana saurayi aka yi babban ɗumamar tekun nan da ake kira El Nino a 1982 da 1983, wanda ya durƙusar da kamun salmon a wannan gaɓa. Ya karanci ilimin sararin samaniya da iska a jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ya gama a 1988, sa'an nan ya yi digirin digirgir a jami'ar Washington da ke Seattle a 1994, kuma a kan El Nino ɗin ya yi bincikensa. Daga nan ya shiga wani rukunin masana na wannan jami'a da ke nazarin yadda sauyin yanayi ke taɓa ruwa da daji da kifin yankin, ya yi shekaru kusan 17 tare da su. A 2013 ya koma jiharsa, ya kama aiki a cibiyar binciken kifi ta hukumar teku da yanayi ta Amurka, NOAA, a garin Santa Cruz. Mutum ne da ya fito daga cikin masunta, ya je ya koyi ilimin iska, ya dawo da shi kan tambayar da ya baro a gida.

Aikin da ya fitar da sunansa an buga shi a 1997, shi da abokan aiki huɗu: Steven Hare da Robert Francis, masanan kifi, da Yuan Zhang da John Wallace, masanan yanayi. Hare da Francis sun riga sun lura cewa kamun salmon a Alaska ya yi tsalle sama bayan 1977, ya kuma zauna a saman. Da suka haɗa kai, sai suka jera lissafin kifin da aka kama shekara bayan shekara kusa da lissafin zafin fuskar teku tun daga 1900. Suka ga cewa arewacin Pasifik yana da hali biyu, kuma idan ya shiga ɗaya yakan daɗe a ciki shekara 20 zuwa 30. A hali na farko ruwan gaɓar Amurka yakan yi ɗumi, tsakiyar teku ta yi sanyi. A na biyu abin ya juye. Suka sami wuraren juyawar a wajajen 1925 da 1947 da 1977. Hare ne ya raɗa wa abin suna, wanda ake taƙaitawa PDO, ma'anarsa jujjuyawar Pasifik ta shekaru gommai.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda rabo ke karkata. Idan gaɓa ta yi ɗumi, salmon yakan yalwata a Alaska, ya yi ƙaranci a kudu, wajen kogin Columbia da jihohin Washington da Oregon. Idan ta yi sanyi, mutanen kudu su sami sauƙi, na arewa su shiga matsi. Har tsofaffin mujallun masunta suka tono don shaida. A 1915 masu sarrafa kifi sun dawo daga Bristol Bay na Alaska suna kuka, alhali a Columbia ana murna. A mujallar 1939 an rubuta cewa Bristol Bay ta cika ta batse, Columbia kuwa ta ga ɗaya daga cikin shekarunta mafi muni. A 1972 abin ya sake komawa yadda yake a 1915. A 1994 Alaska ta kafa tarihin yawan kamu, a kudu kuwa sai da hukuma ta rufe wasu wuraren kamun. Kowane masunci a cikin waɗannan shekaru ya ga nasa ne kawai, ya kuma ba shi fassara daidai da abin da ke gabansa. Sai wanda ya jera shekarun huɗu a takarda ɗaya ne ya ga cewa ma'auni ɗaya ne ke rinjaya nan, ya ɗaga can.

Dalilin kuwa yana cikin abincin ƴaƴan kifi. Watannin farko da ɗan salmon ya shiga teku su ne mafi haɗari a rayuwarsa. A gaɓar Kalifoniya da Oregon, idan iskar arewa ta busa da bazara, takan tura ruwan sama zuwa nesa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ɗauke da taki. Takin nan ne ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa, su ciyar da ƙwarin ruwa masu maiƙo, su kuma su ciyar da ƙananan kifaye. A shekarun ɗumi wannan tasowa takan rage amfani, abinci ya zama maras maiƙo, manyan kifaye masu farauta kuma su hauro daga kudu. Ɗan salmon da bai girma da wuri ba, cinye shi ake yi. Bayan shekara biyu ko uku sai masunci ya jefa komarsa ya ga babu, bai san cewa tun tuni aka gama magana a inda ba ya gani ba.

A nan muka tsayar da yaron muka tambaye shi, "Su waye suka auna zafin teku a 1900?" Ya ce ma'aikatan jiragen ruwa ne, waɗanda ke jefa guga su ɗebo ruwa, su tsoma ma'auni, su rubuta a littafin jirgi. Lissafin kifi kuma daga akawun kamfanonin gwangwani ya fito, da ma'aikatan hukuma. A madatsar Bonneville da ke kan kogin Columbia, tun 1938 ake ajiye mutane suna ƙidaya kifin da ke haurawa ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya san abin da za a gano da rubutunsa, kuma galibinsu sun mutu ba su ji labari ba. Mu da muka yi karatun hadisi mun san darajar wanda ya ji ya kiyaye ya isar, ko da wanda aka isar wa ya fi shi fahimta. Sai muka ji adakar nan ta yi mana nauyi a zuciya.

Amma kada mai karatu ya zaci cewa binciken ya wanke mutane. Tabbas akwai masu son fakewa da shi su ce, tun da teku ce ke yin yadda ta so, a daina damun masu madatsun ruwa da masu sare daji da masu kamun wuce kima. Aikin Mantua bai ba su wannan mafaka ba. Madatsar Grand Coulee da aka gama a farkon shekarun 1940 an gina ta ba tare da hanyar da kifi zai haura ba, ta yanke salmon daga dukan ƙoramun da ke samanta. A 1992, daga cikin wani jinsin jan salmon da ke haurawa tafkin Redfish a Idaho, guda ɗaya tak ya dawo. Shekarun yalwar teku kan rufe irin wannan ɓarna har a manta da ita, shekarun matsi kuma su tona ta. A wani rubutu da ya yi da Francis a 2004, sun nuna cewa dogaro da hasashen abin da teku za ta yi ba shi ne mafita ba, domin hasashen yakan kuskure. Abin da ya fi shi ne a kiyaye ƙoramu iri-iri da jinsin kifi iri-iri, masu haurawa da wuri da masu jinkiri, na tudu da na kwari, ta yadda shekarar da ta kayar da wani za ta bar wani a tsaye. Manomin da ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya ya san wannan magana ba sai an fassara masa ba. Bristol Bay, inda ba a toshe koguna ba, ta ga dawowar jan salmon wajen miliyan 79 a 2022, adadin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Kalifoniya kuwa, inda madatsu suka raba kifi da yawancin ƙoramunsa masu sanyi, an rufe kamun salmon a tekunta a 2008 da 2009, aka sake rufewa a 2023 da 2024.

Wani halin da ya ƙara masa girma a idonmu shi ne komawa kan maganarsa. Daga ƙarshen 2013 wani makeken ruwan ɗumi ya taru a arewa maso gabashin Pasifik, ya daɗe har cikin 2015 da bayanta, ya rikita kifi da tsuntsaye ta hanyar da tsohon lissafi bai ƙunsa ba. Mantua yana cikin waɗanda suka fara bayyana musabbabinsa. A 2016 kuma ya sa hannu tare da wasu masana a wani dogon bita da ya nuna cewa PDO ba abu ɗaya ba ne mai agogon kansa. Haɗuwar abubuwa da yawa ce, ciki har da tasirin El Nino da iskar arewacin Pasifik da yadda teku ke riƙe zafi daga shekara zuwa shekara. Wasu masu bincike ma sun nuna cewa dangantakar PDO da salmon na Alaska ta yi rauni tun ƙarshen shekarun 1980. Mutum ya yi suna da abu, sa'an nan ya zauna cikin masu rage wa abin girma saboda hujja ta zo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa Imamu Shafi'i yana da tsohuwar magana da sabuwa, kuma babu wanda ya ɗauki haka a matsayin aibi gare shi.

To ina ruwanmu da tekun da ba mu taɓa gani ba? Ba muna cewa PDO ce ke cika kogin Isa ba. Amma damanarmu ma tana da shekarun gommai nata, kuma teku na da hannu a ciki. Shekarun 1950 da farkon 1960 na ruwa ne a duk yankin Sahel. Daga 1968 fari ya shigo, ya yi tsanani a 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1984. Muna samari a watan Yunin 1985 lokacin da kogi ya daina gudu a Yamai, har ana tsallaka shi da ƙafa. A wancan zamani an ɗora laifin a kan makiyaya da manoma, aka ce kiwo da sare itatuwa ne suka kori ruwan sama. Sai a 1986 wasu masanan Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna alaƙar farin da zafin fuskar tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa hujjar, suka nuna cewa sauyin zafin tekun Atlantika da na Indiya ya isa ya bayyana babban ɓangaren farin. Bafulatanin da aka zarga bai san ana auna ruwan da ke da nisan dubban kilomita da shanunsa ba, amma awon ne ya sauke masa kaya mai yawa daga cikin abin da aka ɗora masa.

Da gari ya waye a rana ta huɗu muka buɗe adakar. Kaye ne guda 11, cikin ajami, da shekarun hijira. Marigayi yana da wata al'ada da ba mu taɓa kula da ita ba. Kowace shekara, kafin ya rubuta shari'a ko ɗaya, sai ya rubuta ranar da jan ruwan damana ya taɓa saiwar tsamiyar da ke mashaya, da ranar da baƙin ruwan hunturu ya iso daga yamma, da sunayen tafkunan fadama da suka cika, da ranar da aka buɗe su a kowanne. Muka bi shafi bayan shafi. A kayen farko tafkuna suna cika kusan kowace shekara. Da aka zo wajajen 1404 da 1405, sai suna bayan suna, a gabansa an rubuta bai cika ba. Kowane masunci ya san kifinmu a fadama yake haihuwa, idan ruwa bai hau ba babu ƴaƴa. Sa'an nan muka ga abin da ya sa muka ajiye kayen muka yi shiru. Ƙarar farko da aka taɓa kawowa a kan taru mai ƙananan idanu tana cikin shekarun da suka biyo bayan wannan fari, kuma sunayen da ke cikin ƙarar na wasu ne daga cikin dattawan da suke kuka yau. Yunwa ce ta matse idon taru a hannunsu lokacin da suke samari. Ruwa ya dawo daga baya, har ya yi ambaliya a 2012 da 2020, amma idon taru bai koma yadda yake ba, ƴaƴansu suka gaje shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Daga shekarar da alƙalami ya dawo hannunmu, babu ranar jan ruwa, babu sunan tafki. Mun ɗauka aikin magatakarda shari'a ce da wasiƙa, sauran kuwa surutun tsoho ne. Shekara 20 na kogin nan sun wuce ta gaban ƙofarmu ba mu rubuta su ba, kuma babu mai iya dawo da su.

Da aka koma zaure muka karanta wa jama'a abin da muka samu, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Sarki ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce dattawa sun yi gaskiya, samari ma sun yi gaskiya, kuma ruwan sama ba a hannunsa yake ba, amma idon taru yana hannun jama'a. Ya hana su da gidan sauro. Ya ce kowace shekara za a bar wasu tafkuna ba a taɓa su ba, manya da ƙanana, na kusa da na nesa, ana juyawa, maimakon a tsare babba ɗaya kawai. Wani dattijo ya tuna wa zaure da labarin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani, ya ce hikimar tana cikin abin da aka yi a shekarun yalwa. Ba za mu ce kowa ya tashi da farin ciki ba. Akwai samarin da gidan sauron nan shi ne abincin iyalinsu, kuma har yanzu ana neman yadda za a taimaka musu da kalli mai manyan idanu. Ba za mu ce kifi ya dawo ba, domin wannan magana ce ta shekaru.

Mu dai an ba mu namu aikin. Mun sayi sabon kaye, mun sa wani almajirinmu yana zuwa mashaya kowace safiya yana duba saiwar tsamiya, kuma ranar kasuwa muna rubuta irin kifin da aka sauke da yawan kwanduna. An fara gina madatsar Kandaji a sama da Tilaberi, kuma duk ranar da aka rufe ta tafiyar ruwan da ke iso mana za ta sauya, ko ta wace fuska. Idan jikokinmu suka zo gardama a kan abin da madatsa ta yi da abin da damana ta yi da abin da taru ya yi, muna so su sami abin da za su buɗe.

Kiranmu ga ƴan uwa masu riƙe da alƙalamin sarakunan ruwa da sarakunan noma da masu unguwanni, daga Gaya zuwa Yawuri zuwa bakin tafkin Chadi: ku duba adakokinku kafin gara ta gama da su. Wanda ya sami irin wannan rubutu a gidansu, ya sanar da mu a nan ƙasa, mu ga ko shekarunmu za su yi daidai da naku.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka rubuta suka bar mana. Wassalam.